Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani: zargi ne ko nasiha?

Ɗan Argungu: Jama'a ku taya ni. Shekaranjiya a fadama injin ban ruwa ya ƙi tashi, shinkafa ta fara fidda kai ga ƙasa ta tsage, na rufe ƙanena da faɗa gaban 'yan ƙwadago wai shi ya kashe min inji, yaron nan ko uffan bai ce ba. Da munka kai wa makanike ya zuba baƙin man a tafin hannu ya nuna min, ya yi ƙirin kamar kwalta, kuma wallahi ni ne tun damina nake cewa gobe zan canza. Da dare Inna ta ce min laifi tudu ne. Zargina ta yi ko nasiha?

Malamar Jega: Duka biyu ƙanena. Wanda ke bisa tudu yana hango nesa amma ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ba wai ɓoyewa yake ba, bai gani ba ne.

Ɗan Yawuri: Anti a nan ban yarda ba, taka fa aka ce. Wani ya san nashi sarai, dannewa yake don kar a gani, sai ya ɗaga murya kan na wani.

Malamar Jega: To ai shi ya sa nake cewa a lura da lokacin da zuciya ta fara tafasa, ni a aji in na ji wuyana ya ɗau zafi nakan aje alli in zauna tukuna. Hadisi ya zo cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Sayyidina Umar kuma ya ce mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana.

Baba na Zuru: Ku dai kula da wurin faɗinta. Uwa ta faɗa wa ɗa daidai ne, amma yaro ya jefi babba da ita rashin kunya ce. Wasu kuma sun maida ta garkuwa, da ka yi musu gyara sai su ce laifi tudu ne, shi ke nan an rufe bakin mai gaskiya.

Ɗan Argungu: Baba na gode. Na ba yaron haƙuri a ɗaki mu biyu, amma abin na damuna tunda a gaban mutane na ci mishi fuska, gobe in Allah ya kai mu zan maimaita a gona.