Na'ura ta zuba kai tsaye, ko a ci gaba da kwafi?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum jama'a. Na faɗa jiya kuma ina kan bakana: duk direban kanel ɗin Linux (wato shirin da ke sarrafa na'ura daga cikin zuciyar tsarin) da har yau yake tara bayanai a bafarsa, wurin ajiyarsa na wucin gadi a memori, sannan ya kwafe wa manhaja da copy_to_user, mai shi rago ne. Katin kyamarar da nake yi wa direba yana turo hoto mai ɗigo 1920 sau 1080, kowane ɗigo bayit 2, sau 60 a daƙiƙa. Wajen megabayit 249 ke nan duk daƙiƙa. Don me firosesa za ta zama 'yar dako? Manhaja ta miƙo bafarta, in kafe shafukan da pin_user_pages, in miƙa su ga dma_map_sg don kati ya samu adireshinsu, kati ya zuba da kansa ta DMA, wato kai tsaye cikin memori ba tare da firosesa ta kwafa ba. Shi ke nan.

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Wannan "shi ke nan" ɗin naka ne ya ba ni dariya. Bafar da manhaja take gani a jere, a cikin memori a warwatse take, shafi-shafi na bayit 4096. Hotonka guda ya haura shafi 1000. Kafe su aiki ne, jera su aiki ne, sakin su ma aiki ne, kuma sau 60 a daƙiƙa. Ka gudu daga dako ka faɗa ƙidaya.

Ɗan Kurna: To wa ya ce duk hoto zan kafe? Sau ɗaya tak, a farkon aiki.

Bakatsine: Ka shiga wata rigimar ke nan. Shafin da ka kafe na dogon lokaci, kanel ba zai iya matsar da shi ko ya kai shi faifai ba. Idan kuma manhaja ta miƙo maka bafar da ta samo daga fayil ta mmap, wato ta shimfiɗa fayil ɗin a memorinta, fa? A 2018 Jan Kara na SUSE ya nuna yadda tsarin fayil na ext4 ke faɗuwa saboda haka: tsarin fayil ya ɗauka ya gama rubuta shafin, na'ura kuma tana ci gaba da zuba a ciki. Irin wannan ce ta sa John Hubbard na NVIDIA ya kawo pin_user_pages a Linux 5.6, a 2020, don tsohuwar hanyar, get_user_pages, ba ta bambanta wanda ya riƙe shafi don DMA da wanda ya leƙa kawai.

Tsohon Injiniya: Yara, ku bari in ba ku nawa. Na taɓa yin irin wannan a wani ƙaramin allo mai firosesar ARM, wanda ƙaramar ma'ajiyar firosesa ba ta sanin abin da na'ura ta rubuta sai direba ya share ta. Manhaja ta samo bafa da malloc, hanyar neman memori ta yau da kullum, ba a daidaita farkonta ba, sai ta haɗa layin ma'ajiyar ɗaya na bayit 64 da wani ɗan maƙirgi da ke maƙwabtaka da ita. Manhaja ta taɓa maƙirgin, firosesa ta mayar da layin gaba ɗaya, ta danne abin da kati ya zuba. Bayit kaɗan ne a farkon hoto, kuma ba kullum ba. Mako uku ina zargin kebul. Har sabo na saya, wallahi.

Ɗan Kurna: Allah Ya ja kwana Baba, amma wannan ai laifin mai manhaja ne. Ya yi amfani da posix_memalign mana, mai ba da bafa a daidaice.

Tsohon Injiniya: Kai da ka buɗe ƙofa, kai za ka duba mai shigowa. Direba ba ya zato.

Ɗan Maraɗi: Ku yi wa bawan Allah adalci. Abin da yake faɗa ba shi ya ƙirƙiro ba. O_DIRECT, mai karatu da rubutu kai tsaye tsakanin faifai da bafar manhaja, haka yake yi, manyan rumbunan bayanai suna kansa. RDMA, inda katin sadarwa ke zuba bayanai kai tsaye a memorin wata kwamfuta, galibinsa a kan kafe memorin manhaja ya tsaya. io_uring, hanyar miƙa wa kanel ayyukan karatu da rubutu da ya shigo a Linux 5.1, yana da rajistar bafa don a kafe sau ɗaya. Su ma marasa hankali ne?

Bakatsine: Su ai sun sha wuyarsa, ɗan'uwa. Tambayi masu RDMA me ya sa suke kiran ibv_fork_init. A da, manhaja ta yi fork, wato ta haifi kwafin kanta da ake kira ɗa, sannan ta taɓa shafin, sai kanel ya ba ta sabon kwafi, kati kuma yana ta zuba wa tsohon da ya koma hannun ɗa. Sannan ka duba MSG_ZEROCOPY na Linux 4.14, mai aika bayanai ta hanyar sadarwa ba kwafi: takardun kanel da kansu sun ce sai aika ya haura wajen kilobayit 10 yake da riba. Ƙasa da haka kwafi ya fi araha.

Bazazzagiya: Ni abin da ban gane ba, me ya sa kuka mai da hanya biyu kawai? Direba ya ware memorin da kansa da dma_alloc_coherent, ya ba manhaja ta mmap. Babu kwafi, babu kafewa, babu bafar da ba ka san asalinta ba. Tunda kyamara ce, V4L2, tsarin bidiyo na Linux, ya riga ya shimfiɗa maka: akwai MMAP, akwai USERPTR irin wanda kake so, akwai DMABUF idan katin zane ne zai karɓi hoton. Malam Ɗan Kurna, katin naka adireshi mai bit nawa yake iya kaiwa?

Ɗan Kurna: 32.

Bazazzagiya: Allon yana da IOMMU, mai fassara wa na'urori adireshin memori? Memorinsa nawa?

Ɗan Kurna: Babu. Gigabayit 8.

Bazazzagiya: To duk shafin da ya faɗo sama da gigabayit 4 katinka ba ya ganinsa. swiotlb, ɗan tsakanin da kanel ya tanada don haka, zai karɓa a tasa bafar, wadda galibi megabayit 64 ce, sannan ya kwafe maka a ɓoye. Kwafin da ka rantse ka kora yana nan, sai dai ba ka ganinsa a rubutunka.

Ɗan Maraɗi: Kai! Hajiya, wannan duka a ƙasan ciki ne.

Ɗan Kurna: Na janye kalmar rago, amma ban janye sauran ba. A injin da ke da IOMMU, da bafa babba wadda aka daidaita, har gobe ni ne da gaskiya.

Tsohon Injiniya: Ka auna duka hanyoyin ukun da perf, ma'aunin aikin Linux, a kan allon naka tukuna.

Ɗan Kurna: An kira Magariba a nan. In na dawo zan fara da na Hajiya.