Jar fitilar baƙin mai tana jinkirin mutuwa da safe: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Mai Accord, Zariya:
Salamu alaikum jama'a. Motata Accord ce ta 2005 mai silinda huɗu. Tun da aka yi mata juye na ƙarshe, idan ta kwana na tada ta da asuba, jar fitilar baƙin mai sai ta ɗauki daƙiƙa huɗu zuwa biyar kafin ta mutu, kuma a wannan ɗan lokacin ina jin kaf-kaf-kaf daga saman inji. Da fitilar ta mutu ƙarar ta ɗauke. Idan na kashe ta da rana na sake tadawa, babu komai. Mai yana nan a cike, na duba sandar awo. Bakanikena ya ce sanyin hunturu ne, in koma zuba mai mai kauri, wato 20W-50. Kafin in yi, ina son jin ta bakin waɗanda abin ya taɓa faruwa da su.

Direban Sienna, Kano zuwa Abuja:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa man tukuna, filta za ka fara tuhuma. Ni ma na sha wannan. A Sienna tsohon yayi mai V6, filtar tana gaban inji a ƙarƙashin bakin salansa, inda zafi ke gasa ta wuni guda. Akwai lokacin da yaron shago ya ba ni wata mai araha, kwalinta fes, har da tambari mai ƙyalli. Da farko lafiya lau, daga baya kullum da safe a tasha sai ƙara kafin fitila ta mutu. Na sa aka cire ta aka ɗaura ta kirki, man nan dai da ke ciki ban canza ba, aka cika abin da ya zube kawai. Washegari fitila ta mutu kafin in saki makulli.

Bakanike daga Farin Gada, Jos:
Direba ya faɗi gaskiya, bari in yi bayanin dalili. Ka ɗauki filta ka juya fuskarta. Za ka ga babban rami ɗaya a tsakiya mai zare, da ƙananan ramuka kewaye da shi. Mai yana shiga ta ƙananan, ya ratsa takardar tacewa, ya fita ta na tsakiya zuwa cikin inji. Idan ka leƙa ƙananan ramukan za ka ga roba a bayansu. Aikin robar nan ɗaya ne: tana barin mai ya shiga, ba ta barinsa ya koma. Da ka kashe mota sai ta rufe, man da ke cikin filta da hanyoyin inji ya tsaya a inda yake.

To idan robar ta ƙandare, ko tun daga farko ba a yanka ta daidai ba, cikin dare man zai riƙa silalewa kaɗan-kaɗan yana komawa kwanon ƙasa. Da safe famfon mai sai ya fara cika filtar da ta zama wayam, sannan ya cika hanyoyin, sannan ƙarfin mai ya kai ga na'urar da ke kashe fitila. Waɗannan daƙiƙun da kake ƙirgawa ke nan. Shi ya sa da rana ba ka ganin komai, don awa ɗaya ko biyu ba ta isa man ya gama tsiyayewa ba.

Kuma motarka tana cikin waɗanda abin ya fi nunawa a kansu, domin filtar Accord ɗin nan a kwance take a bayan inji. Wadda take rataye, bakinta na kallon sama, ko robarta ta lalace ba ta zubar da abin da ke cikinta, kamar kofi ne da aka ajiye a tsaye. Wadda ke kwance ko a kife kuwa, robar nan kaɗai ke riƙe da man.

Robar iri biyu ce. Akwai baƙa, wadda zafi ke taurara ta a hankali, akwai ta silikon, galibi ja ko ruwan lemo, wadda ke jure zafi da sanyi ba ta ƙandarewa da wuri. In na samu zaɓi ta silikon nake ɗauka. Amma kada launi ya ruɗe ka, masu yin jabu sun iya rina roba.

Mai Accord, Zariya:
Na gode Oga. To a shago ta yaya zan gane mai kyau, tun da ba za su bari in yanka ta ba?

Bakanike daga Farin Gada, Jos:
Goge bakin sabuwar, ka sa bakinka a ramin tsakiya ka hura da ƙarfi. Idan iska na fita ta ƙananan ramuka, robar ba ta rufewa, mayar masa da abarsa. Ka girgiza ta, kada ka ji wani abu na motsi a ciki. Ka duba zaren, ya zama mai tsabta ba tarkacen ƙarfe. Sannan lambar da ta dace da injinka, ba wadda "ta shiga" ba. Zaren filtar Honda M20 ne, na yawancin Toyota kuwa 3/4-16, bambancinsu bai kai milimita ɗaya ba. Ta Honda tana iya hawa kan Toyota sakwa-sakwa, yaro ya ɗaure ya ce ta zauna, a kan hanya ta saki.

Baba mai 504:
Ku yaran yanzu kun cika son dogon bayani. Mu tun ana harhaɗa Fijo a Kaduna 20W-50 muke zubawa, ba mu san wata fitila ba. Mai kauri shi ke riƙe inji a ƙasar zafi. Bakanikensa bai yi ƙarya ba.

Malamin makaranta, Damagaram:
Baba, Allah ya ƙara girma, a kan 504 maganarka dutse ce, don injin an ƙera shi ne da irin wannan man. Amma injin Accord ɗin 2005 na Amurka, 5W-20 aka rubuta a murfinsa. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu a cikin sanyi, kuma 20W-50 ko a zafin digiri 40 ya ninka 5W-20 kauri fiye da sau biyu, da sanyin safiya kuma tazarar ta fi haka. Matsalar ɗan'uwanmu ita ce mai ba ya isa sama da wuri. In aka ƙara masa kauri, ai an ƙara masa nawa ne.

Ni na gwada a motata a watan Janairu, lokacin da sanyi ke hana mutum alwala da ruwan randa. Filta ɗaya ce iri ɗaya, amma da mai kauri fitilar takan ɗan yi jinkiri, da na koma wanda littafin motar ya ce sai jinkirin ya ragu sosai. Abu na biyu da mutane ba su sani ba, a cikin filta akwai wata ƙofar ko-ta-kwana. Idan mai ya yi kauri ya kasa ratsa takardar, sai ta buɗe ya wuce ba tare da an tace shi ba, don gara mai datti da babu mai. Saboda haka masu tada mota da asuba su danna totur har ƙasa wai don ta yi zafi, datti suke turawa cikin inji a daidai lokacin da ya fi rauni.

Baba mai 504:
To na ji. Amma in inji ya tsufa ya fara shan mai, za ku dawo kan maganata.

Hajiya mai Corolla, Kaduna:
Ni labarina ya sha bamban, shi ya sa na ce bari in sa baki kada kowa ya ɗauka filta ce kullum. Corolla ta 2006 gare ni, na saye ta a hannu. Fitilar kan daɗe da safe, aka canza filta aka sa mai tsada, ba abin da ya sauya. Wani dattijon bakanike ya ce filtar wannan motar a rataye take, da wuya ta zama ita ce. Ya sa aka kwance kwanon ƙasa. Wallahi abin da na gani ya ba ni tsoro: rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta ta toshe da baƙin dasƙararren datti, saura 'yan ƙofofi. Mai motar na farko ba ya juye a kan lokaci. Aka wanke rariyar da kwanon, aka zuba sabon mai, shi ke nan. Ya ce da na ci gaba da hawa a haka da injin ya buga.

Mai Accord, Zariya:
Jama'a na dawo da rahoto. Na sayi filta a wurin dila na hura ta kamar yadda Oga ya ce, ba ta fitar da iska. Da za a kwance tsohuwar na sa aka bar motar ta kwana a garejin, da safe aka cire ta kusan a bushe. Yanzu fitila na mutuwa cikin daƙiƙa ɗaya. Sai dai ƙarar ba ta ɗauke gaba ɗaya ba, akwai wata 'yar gajeriyar "garrr" da nake ji wani lokaci.

Bakanike daga Farin Gada, Jos:
Madalla, filtar da ta fito a bushe ta ba ka amsa. Ita wannan "garrr" ɗin wata magana ce daban. Injinan da ke da na'urar sauya lokacin bawul suna da wani giya a kan kamshaf da ƙarfin mai ke sarrafawa, akwai ɗan fil da ke kulle shi idan an kashe mota. In fil ɗin ya ci, giyan kan yi ƙara na daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin mai ya iso. Filta ba ta gyara wannan, sai dai ta rage shi. Ka sa wanda ya san injin ya saurara a tadawar farko da safe.

Ga wanda kuma ya canza filta, ya zuba man da ya dace, fitila ba ta daina jinkiri ba, kada a tsaya canki-canki. A cire na'urar fitilar a ɗaura gejin awo a gurbinta. Ita na'urar a yawancin motoci tana kashe fitila ne da ƙarfin mai ya haura kimanin rabin "bar" a ma'aunin gejin, wanda ƙarfi ne kaɗan ƙwarai, kuma ita kanta takan lalace ta yi ƙarya. A auna da sanyi, a sake aunawa bayan inji ya yi zafi yana sulo. Idan da zafi ne allurar ke faɗuwa, ko fitilar na ƙyaftawa a go-sulo, ba maganar filta ba ce kuma, metal ne, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, ya ci ko famfo ya gaji, kuma wannan motar ba ta hawa hanya sai an buɗe ta.

Direban Sienna, Kano zuwa Abuja:
Ƙari ɗaya kan juye. Duk lokacin da aka ɗaura sabuwar filta, tadawar farko fitila za ta ɗan daɗe, wannan ba laifi ba ne, filtar ce ke cika. In taka mai ratayuwa ce, a zuba mata mai kafin a ɗaura. Kuma ka tsaya a kan yaron ka ga ya duba ko robar bakin tsohuwar ta manne a jikin inji, don in aka ɗora sabuwa a kanta, roba biyu ba sa riƙe mai, kafin ka kai Kwanar Ɗangora galan guda ya tsiyaye a titi.