Hoton nebular Orion daga Argungu: taurari na miƙewa a hoto, jan launi kuma ya ƙi fitowa

Mai Hoto Argungu

Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata ɗaukar hoto ce a nan Argungu, biki da suna da walimar sauka. Bana na sayi madubin hangen nesa na hannu a wurin wani bawan Allah da aiki ya mayar da shi wani gari. Irin na Newton ne, wato mai babban madubi a gindin bututu da ƙarami a bakinsa, faɗin madubinsa milimita 130, tsawon fokas 650, yana kan mazauni mai karkata da ɗan injin da ke bin juyawar sama. Na samo zoben haɗi na ɗaura masa kyamarar aikina, Canon 600D.

Abin da na sa a gaba shi ne nebular Orion (nebula gajimaren iska da ƙura ne a sararin samaniya), wadda ake kira M42, wannan ɗan hazo da ke kudu da taurari ukun nan masu jere. Ranar da na fara ganinta ta cikin madubin, da taurari huɗun da ke tsakiyarta, sai da na tashi ƙanena daga barci ya zo ya gani. Tun daga nan nake son in ɗauke ta da hannuna, daga tsakar gidanmu, in wanke hoton in rataye a shago.

Ga inda na tsaya. Da na bar kyamara a buɗe ya wuce daƙiƙa 10, taurari sai su miƙe kamar ƙwayar shinkafa, alhali injin yana aiki, ina jin ƙararsa. An ce a saita mazaunin da tauraron arewa, to ni ban ma cika ganinsa ba, hazo da katangar maƙwabta sun tare wajen. Bayan wannan, bayan hoton duk launin ƙasa ne, tsakiyar nebular ta ƙone fari fat, gefenta kuma babu jan nan da nake gani a hotunan mutane. Ina ɗauka a ISO 3200. Madubin ne ya yi ƙanƙanta, ko kyamarar ce ba ta wannan aikin ba? Kada in tara kuɗi in sayi abin da ba shi ne maganin ba.

Malamin Fiziks, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. A 1880 Henry Draper ya fara ɗaukar hoton wannan nebular a Amurka, ya bar farantin hotonsa a buɗe minti 51, kuma abin da ya samu bai kai abin da kyamararka za ta ba ka cikin rabin minti ba. Kayanka sun isa. M42 faɗinta a sama kusan ninki biyu ne na faɗin cikakken wata, kuma a tsawon fokas 650 tana shiga cikin hotonka daidai.

Matsalarka ta farko ta saiti ce. Sama na juyawa digiri 15 a kowace awa, injinka kuma a kan sanda ɗaya kawai yake juyawa. In sandar ba ta fuskanci inda sama ke juyawa ba, zai yi ta bi amma a karkace. Tsayin tauraron arewa daga ƙasa daidai yake da nisan garinka daga layin ikwaita, mu nan Kebbi digiri 12 zuwa 13 ke nan. Miƙa hannunka ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, ka ga tauraron bai ɗara haka da yawa ba. Turawan da ke rubuta yadda ake wannan aiki nasu yana can digiri 40 ko 50, shi ya sa shawararsu ba ta zauna mana.

Ga yadda nake yi ba tare da tauraron arewa ba. Da rana ka kafa sanda a tsaye cak a kan siminti, ka sa ido lokacin zawali, sa'ad da inuwa ta gama gajarta kafin ta fara ƙaruwa. A wajenku wannan na faɗuwa wajen sha biyu da minti arba'in a watan Disamba. Layin inuwar a wannan lokaci shi ne kudu da arewa na gaskiya. Ka zana shi da fenti, ka yi alamar inda ƙafafu ukun za su riƙa tsayawa kullum yadda sandar mazaunin za ta bi layin ta fuskanci arewa, sannan ka sa ma'aunin karkata na mazaunin tsakanin 12 da 13. Kula da abu ɗaya: a irin wannan ƙaramar karkata, ƙarfen nauyin da ke daidaita madubi yakan bugi ƙafar mazauni a wasu samfura. In haka ta faru ka juya kan yadda ƙarfen zai faɗa tsakanin ƙafafu biyu, ka rataya jakar yashi a ƙasa don kada ya kife.

Da dare sai gyaran ƙarshe. Nemi Mintaka, na yamma cikin taurari ukun masu jere, don kusan a kan ikwaitar sama yake. Lokacin da ya kai tsakiyar sama ka sa shi a tsakiyar allon kyamara, ka ƙara girmansa, ka zuba ido minti biyar. In ya zame kudu ko arewa, ka ɗan juya mazaunin hagu ko dama, ka sake dubawa. In zamewar ta ƙaru ka koma ɗaya ɓangaren. Bayan nan ka kama wani tauraro a ƙasa-ƙasa ta gabas ka yi haka, amma wannan karon tsayin sandar mazaunin za ka gyara. Daren farko zai ci maka lokaci, amma tunda ka zana alama a siminti ba kullum za ka maimaita ba. Da wannan ya kamata ka samu daƙiƙa 30 taurari na nan dunƙule.

Kuma daƙiƙa 30 ta isa, domin ba hoto ɗaya ake ɗauka ba. Ana ɗaukar ɗari ko fiye, a haɗa su a kwamfuta da manhajar Siril ko DeepSkyStacker, duka kyauta ne. Hasken nebular yana nan wuri ɗaya a kowane hoto, tsakin da sensa, wato farantin kyamara mai kama haske, ke haifarwa kuwa yana canza wuri, don haka in an haɗa sai haske ya taru tsaki ya lafa. Hoto ɗari ya fi hoto ɗaya tsabta sau goma. Ka sauke ISO zuwa 800 ko 1600, ka ɗauka a RAW. Don tsakiyar da ke ƙonewa, ka ƙara wasu gajeru na daƙiƙa 3 zuwa 5, su ne za su fito maka da taurari huɗun.

Batun ja kuwa, iskar haidurojin ce ke fitar da shi idan hasken sababbin taurarin tsakiya ya buge ta, a tsawon zango nanomita 656. Kyamarorin ɗaukar mutane suna da gilashi a gaban sensa da ke tare mafi yawan wannan ja. Wasu na cire gilashin. Kai kada ka yi, da ita kake cin abinci, kuma in ka cire fuskokin amare duk za su rine. M42 tana da haske sosai, jan zai fito bayan haɗawa, ko da ya fi karkata zuwa ruwan hoda.

Ummu Hanan, Gusau

Sannu Yaya. Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ni ina da wani ra'ayi. Mu nan fita bayan gari da dare da kaya a hannu ba abin da mutum zai yi ba ne a halin da ake ciki, don haka duk abin da na ɗauka daga saman benen gidanmu ne, da fitilun sola na titi suna haskawa ta ko'ina. Seestar S50 nake amfani da ita, ƙaramar na'urar hangen nesa ce mai kyamara a ciki. Faɗin gilashinta milimita 50 ne kawai, amma ita ke nemo abin da kanta ta waya, ta riƙa ɗaukar daƙiƙa 10-10 tana haɗawa kana kallo, ba ruwanta da tauraron arewa. Tana da filta a ciki mai barin hasken haidurojin da oksijin ya wuce ya rage na fitilu. Da ita na samu Orion da nebular Rosette, yarana na gani a waya ja yana ƙaruwa a hankali.

Na san madubinka ya fi nawa tara haske nesa ba kusa ba. Abin da nake cewa shi ne, in saitin nan ya gajiyar da kai har ka ji za ka ajiye abin gaba ɗaya, akwai hanya mai sauƙi. Kuma ka riƙa duba kwanan wata na Musulunci: daga 25 ga wata zuwa 5 ga mai kamawa, nan ne duhu yake. Daren sha huɗu kada ma ka fito da kaya.

Baba na Yauri

Ɗana, wanga launin ƙasa da kake gani hazo ne, ba laifin kyamara ba. Ƙurar hunturu daga Bodele ta ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, in ta tsaya sama sai ta kama hasken gari ta maido maka shi cikin madubi. Wahalar ita ce lokacin da Orion ke tsakiyar sama da farkon dare, Janairu da Fabrairu, shi ne lokacin da ƙurar ta fi yawa. Ni na fi son kaka, ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ya wanke sama, hazo bai sauko ba. Sai dai ka haƙura da barci, don a lokacin sai sha biyun dare Orion take ɗagowa sosai, ta kai tsakiya wajen uku da rabi, ka yi aikinka har kiran assalatu.

Cikin hunturu ma akan sami dare mai kyau. Dubi Kaza da 'Ya'yanta, in ka ƙirga shida da ido ba wahala, fito da kaya. Ka jira sai Orion ta hau can sama, don a nan tana kaiwa sama da digiri 70, ƙurar da haske zai ratsa ta fi kaɗan.

Kuna kusa da fadama, raɓa za ta sauka kan ƙaramin madubin da ke bakin bututun. Naɗa kwali ka ƙara wa bakin tsawo. Babban madubin kuwa in ya yi ƙura kada ka goge shi da ƙyalle a bushe, za ka kankare shi. Hura masa iska da robar hura kyamara ka rufe.

Mai Hoto Argungu

Allah ya saka da alheri, Malam, Baba, da ke Hajiya. Na zana layin zawali, na yi gyaran Mintaka, yanzu ina samun daƙiƙa 25 lafiya, a 30 wasu na ɗan miƙewa sai in zubar da su. Na haɗa na kusan awa ɗaya a Siril. Wallahi da na ja hasken hoton sai ga fikafikan nebular sun buɗe, ruwan hoda a gefe, tsakiya kore-kore, har da ƙaramar M43 a maƙale da ita da baƙin layin ƙura a tsakaninsu. Hasken da ya yi tafiyar shekara sama da 1,300 kafin ya faɗo tsakar gidanmu. Mahaifiyata ta daɗe tana kallon allon, ta ce a wanke mata nata.

Hajiya, na ga hotunan irin na'urarki kuma sun burge ni, amma zan tsaya da wannan. Saitin da hannu yana cikin abin da ke min daɗi, yanzu na san dalilin kowane ƙulli da nake murɗawa.

Saura abu biyu. Kusurwoyin hoton sun fi tsakiya duhu, kuma akwai wasu zobba-zobba masu duhu da ke wuri ɗaya a kowane hoto. Sannan akwai ɗigo ja da shuɗi da ba taurari ba ne. Kuma Malam, bayan Orion me zan nema? Raina na kan nebular Kan Doki.

Malamin Fiziks, Birnin Kebbi

Madalla ƙanena. Koren tsakiyar nan na gaske ne, oksijin ke fitar da shi, kada ka goge shi wajen gyara.

Zobban ƙura ce a kan sensa, duhun kusurwa kuma halin madubin ne. Maganinsu ɗaya. Da ka gama ɗauka kada ka taɓa fokas, kada ka juya kyamara. Bayan sallar asuba, gari ya fara wayewa, ka shimfiɗa farin yadi a bakin bututun ka ɗaure da roba, ka fuskanci sama ka ɗauki hoto kamar 30 masu matsakaicin haske. Siril zai yi amfani da su ya daidaita hasken ya share zobban. A hunturu kowane dare sai ka ɗauki sababbi, don ƙurar na canza wuri.

Ɗigon ja da shuɗi daga zafin sensa ne. Rufe bakin madubin ruf, ka ɗauki hoto 20 zuwa 30 da daƙiƙa da ISO iri ɗaya da na aikin, a daren, kafin yanayi ya canza. Za a cire su daga hoton. Wannan zai fi damunka a Afrilu, lokacin da dare ma zafi ne, don tsakin na ninkawa da ƙarin digiri shida ko bakwai. Ka riƙa kashe allon kyamara yayin ɗauka, yana ƙara mata zafi.

Kan Doki tana kusa da Alnitak, na gabas cikin ukun, amma baƙar ƙura ce a gaban jan haidurojin mai rauni, wato daidai hasken da kyamararka ke tarewa. Za ta fito, sai dai ka tara awa biyu ko uku a dare marar hazo. Kafin nan ka gwada nebular Carina a watan Maris. Ta fi Orion girma, 'yan Ingila ba sa ganinta sam, mu kuwa tana hawa mana kusan digiri 18 ta kudu wajen tsakar dare a farkon watan. Sai ka sami wurin da kudu ke buɗe, ba bishiya ba fitila. Da damina kuma, daren da aka yi ruwa da yamma gajimare ya yaye, ka nemi Lagoon, M8, tana hawa sama da digiri 50 a Yuni da Yuli. Ka turo hoton Orion ɗin bayan ka sa na farin yadin, ina son in ga yadda gefen ya fito.