Ɗigo a Kwari: Musayar Baitoci Kan Taswira da Rediyo

Mai Gangare

Assalamu alaikum. Ga abin da ya same ni a wata tafiyar daji. Mai amsa ya amsa da baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ne gwanin shirya al'amura.

'Yan'uwa ku matso ku ji labarina,
Na bar kwalta na bi taswira.

Manhajar da ke cikin wayata,
Na sauke ta tun kafin in fara.

Tudu da kwari duk ta zana,
Har rafin da ya daina kwarara.

Layi ja ya ce mini ga hanya,
Na bi shi ban tsaya ba in lura.

Ashe ruwa ya cinye mashigi,
Ya yanke gaɓa kamar an sara.

Taya huɗu suka nutse a laka,
Giya ta ƙi, inji sai ƙara.

Na duba allo, ga ni a fili,
Ɗigo shuɗi, daidai, ba gyara.

Ya san tsayin wurin da nake,
Ya san nisan da ya yi saura.

Amma waya ba ta da sabis,
Ba mahaluƙin da zan iya kira.

Na san wurina sarai, jama'a,
Ba wanda ya sani, ina ta jira.

Nan na kwana, sai da hantsi
Masu wucewa suka taru suka tura.

Tambayoyina gare ku biyu ne:
Wa ya yi kuskure, ni ko taswira?

Kuma yaya ɗigon da ke hannuna
Zai je gida ya zam bushara?

Dattijo Mai Kamfas

Sannu ɗana da kwanan kwari,
Ka kwana da sauro, ka kwana da ƙwari,
Taswira dai ba ta yi maka sharri,
Kai ne ka yi saurin karantawa.

Siraran layukan nan masu ruwan ƙasa,
Kowanne tsayi guda yake bi a ƙasa,
In ka ga sun ware, sun yi nisa,
Fili ne, mota na ta wucewa.

In ka ga sun matsu, sun yi cunkoso,
Kamar gashin da aka kama kitso,
Gangare ne mai tsanani, kar ka matso,
Birki kansa yana gazawa.

In suka lanƙwasa suka yi tsini,
Kamar bakin mashi, ɗana ka ji ni,
Tsinin na duban sama, wajen tsauni,
Ta nan ruwa ke gangarowa.

Hanyarka ta ratsa ta wannan baki,
Nan ya kamata ka taka birki,
Ka sauko da sanda, ka yi tattaki,
Ka auna laka kafin shigewa.

Sannan ka dubi awon takarda,
1:50,000 in ka tarda,
Santimita 2 kilomita ce, ka yarda,
Ƙaramin rami ba ya fitowa.

Ni dai ina da takarda a jaka,
Da kamfas ɗina, rani da marka,
Ba sa neman caji, balle su bar ka,
Batir ne kullum ke mutuwa.

Malama Mai Lissafi

Baba, na karɓi karatun layi,
Amma ɗigon nan ya faɗi gaskiya.

Taurarin ɗan'adam na GPS ne ke riƙe da shi,
Dare da rana suna kan tafiya.

Kilomita 20,200 daga ƙasa,
Sau 2 a rana suke zaga duniya.

Amurka ta harba na fari a 1978,
A 1995 ta ce ya cika, ya shirya.

Kowanne na ɗauke da agogon atam,
Ba ya gaba, kuma ba ya baya.

Abin da yake faɗa kullum biyu ne:
Ga lokaci, ga inda nake a samaniya.

Na'urarka ba ta cewa uffan,
Kunne take kasawa, ba ta da murya.

Tana auna jinkirin kowane saƙo,
Daga jinkiri take fid da nisan hanya.

Saƙon na gudu da saurin haske,
Kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya.

Kashi 1 cikin miliyan na daƙiƙa
Mita 300 ne in aka ɓata ƙidaya.

Shi ya sa tauraro 3 ba sa isar ta,
Na 4 ke gyara agogon waya.

Da can da gangan ake dagula saƙon,
Har mita 100 ɗigo kan yi ƙarya.

A Mayun 2000 aka daina wannan,
Kuskure ya ragu kusan sau 10 dare ɗaya.

Yau Rasha na da GLONASS, Turai Galileo,
Sin na da BeiDou, aiki ya zam gayya.

Rauninsa kuwa a kwazazzabo yake,
Sama ta tsuke, saƙo ya bugi dutse ya juya.

Ya iso a makare, nisa ya ƙaru,
Ɗigo ya yi yawo alhali ka tsaya.

Awon tsayi ya fi na kwance rauni,
Kar ka jingina da shi a hawa mai wuya.

Yaya, ga dalilin kwananka a laka:
Taurari ba sa jin mai neman kariya.

Tambayarka ta biyu ta fi ƙarfina,
Na miƙa ta ga masu eriya.

Mai Gangare

Malama na gode, yanzu na gane,
Ni ke jin su, su ba su da saurara.

Baba, bakin mashin na nan, na duba,
Da na san shi, da na kauce wa asara.

Layin jan kuwa sawun aboki ne,
Shi ya ba ni, ya bi shi bara.

To tsaunukan fa, wa ya auna su?
Wa ya hau su duka ya tattara?

Mai Zanen Sawu

Ɗan'uwa, sawu shaida ce gajeriya,
Ya ce wani ya wuce a wata rana.

Bai ce da rani ne ko da marka ba,
Sai ka buɗe kwanan watan ya nuna.

Fayil ɗin sawu, GPX, kan riƙe lokaci,
Kowane ɗigo da sa'arsa, ka tuna.

Sawun rani ka ajiye shi gefe,
Kar ya ja ka cikin damina.

Tsaunuka kuwa ba hawansu aka yi ba,
Daga sama ne rada ta auna.

A Fabrairun 2000 kumbon Endeavour
Ya tashi sama, 11 ya kwana.

Yana harba rada, tana dawowa,
Tudu da kwari suka bayyana.

SRTM ake ce wa wannan aiki,
Manhajoji da yawa na ɗiba har bana.

Awo guda duk bayan mita 30,
Abin da ke tsakani kintace ya zamana.

Ramin da ya kama tayarka, ɗan'uwa,
Tsakanin awo biyu ya samu ya zauna.

A kurmi kuma rada kan tsaya kan ganye,
Ganin ƙasa itace ya hana.

Hanyoyi kuwa, dubi OpenStreetMap,
Tun daga 2004 'yan sa-kai suka zana.

In ka ga hanya ta sauya, ka gyara,
Taswirar kowa ce, riƙon amana.

Baba, takardarka ma tana shiga kwamfuta,
Da OziExplorer nake yi a wurina.

A ɗauki hotonta, a nuna wa manhaja
Wuraren da aka san lambarsu da suna.

Sai dai a kula da tushen awo,
GPS da WGS 84 yake magana.

Tsohuwar takarda kan zo da nata daban,
Sai a daidaita su, su san juna.

In ba haka ba ɗigo ya yi tsalle
Mita 100 ko fiye, na gani da idona.

Mai Eriya

Malama ta miƙo mana tambaya ta biyu, mun karɓa.

Ƙanena, kunne gare ka, ba baki,
Bakin kuwa rediyo ne a mota.

Mu masu rediyon sha'awa muna da tsari,
APRS, da haruffa huɗu aka rubuta.

Bob Bruninga, mai lamba WB4APR,
Shi ya ƙago shi, shi ya inganta.

Ya rasu a 2022, aikinsa na nan,
Saƙonni na ta shiga da fita.

GPS ya miƙa wa rediyo lamba,
Rediyo ya ƙulle ta, ya taƙaita.

Lambar kiranka, wurinka, saurinka,
Da inda ka dosa, duk ya ambata.

Kuka guda ne kamar na tsuntsu,
Kafin ka ankara ya gama, ya fita.

Bit 1200 a daƙiƙa ne saurinsa,
Kaɗan ne, amma ya biya buƙata.

Zangon mita 2 muke bi galibi,
Kowane yanki da inda ya saita:

Arewacin Amurka 144.390,
Turai a 144.800 ta daidaita,

Ostireliya kuwa 145.175,
Megahaz ne duka, kar ka manta.

A kan tsauni akan kafa wata tasha,
In ta ji saƙo sai ta maimaita.

WIDE1-1 da WIDE2-1 za ka sa,
Tsalle 2 ke nan, kar ka yawaita.

Rijiya ɗaya ce kowa ke sha,
Mai yawan guga shi ne zai ɓata.

Daga nan wata tasha mai ƙofar intanet
Ta ɗauka, ta miƙa wa kwamfuta.

Na gida su buɗe aprs.fi,
Su ga ɗigonka na motsi, su huta.

Ko ba intanet, abokin tafiya
Da rediyonsa zai gan ka, ya kusanta.

Shi mai tsarin ya sha nanata cewa
Aikin ya wuce bin sawun mota.

Akwai saƙon rubutu, akwai yanayin iska,
Da alamar mashigin da ruwa ya lalata.

Sai dai da lasisi ake hawa zangon,
Jarrabawa ce, zauna ka karanta.

Dattijo Mai Kamfas

Malam, ka yi bayani mai daɗi,
Amma bar ni ni ma in faɗi,
Zangon mita 2 na son fili mai faɗi,
Dutse in ya tare, ba ya wucewa.

Inda ido ya gaza, da ƙyar yake kai,
Yaron nan kwari ya rufe masa kai,
Ba tasha kusa, shi ne shi kaɗai,
Wa zai ji kukan, balle maimaitawa?

Sannan saƙon a buɗe yake tafe,
Dokar zangon ta hana a rufe,
Kowa na ganin ka dare da safe,
Har ƙofar gidan da kake komawa.

Mai Eriya

Baba, duka biyun haka suke,
Ba ni da ja, maganarka ta tabbata.

A ƙasan kwari saƙo kan mutu,
Dutse ya sha shi kafin ya fita.

Amma ka dubi wanda ya riga shi,
Na kan tudu, kafin saukar mota.

Shi yana nan a allo da sa'arsa,
Da inda goshin motar ya fuskanta.

Masu nema ba za su share daji ba,
Kwari guda ne, nema ya taƙaita.

Akwai dabarar da ke sa rediyo
Ya yi kuka duk sanda hanya ta karkata.

In ana gudu ya yawaita aike,
In an tsaya ya rage, batir ya huta.

Inda tashoshi suka yi ƙaranci,
Gajeren zango ke biyan buƙata:

Mita 30, bit 300 a daƙiƙa,
Ya hau sama, ya sauko, ya nisanta.

Ko ka jira tashar sararin samaniya,
145.825, in an kunna, in ta gifta.

Mintuna kaɗan take yi a samanka,
Ka riga ka shirya, ka riga ka saita.

Batun sirri kuwa a hannunka yake:
Kusa da gida ka kashe masa wuta.

Ko ka share lambobin ƙarshe na wurinka,
A ga unguwa, ƙofa a rasa ta.

Malama Mai Lissafi

Yaya, abu guda na ga an tsallake:
Wa ke kallon allon a baya?

Ɗigo na iya tsayawa sa'a 10,
Ba wanda ya leƙa, ba tambaya.

Kafin ka fita ka zaunar da mutum guda,
Ka ba shi sawun, ka nuna hanya.

Ka ce in rana ta faɗi ban motsa ba,
Ga wanda za ka kira a waya.

Baba, arewar allurar kamfas da ta taswira,
Akwai rata, kowane wuri da ƙidaya.

Dattijo Mai Kamfas

'Yata, ratar a gefen shafi take,
Da shekarar awo a rubuce take,
Arewar allura kuwa tafiya take,
Shi ya sa nakan sake aunawa.

Mai Gangare

Na koma kwarin ranar hutu,
Da ƙafa na sauka, mota na jira.

Na soka sanda, laka har gwiwa,
Gaɓar na nan yadda ruwa ya sara.

Can sama kaɗan akwai shimfiɗaɗɗen dutse,
Iya idon sawu ruwa ke kwarara.

Na ɗauki sabon sawu ta wurin,
Na sa kwanan wata, na sa ishara.

Na aika wa abokin da ya ba ni tsohon,
Ya goge nasa, ya karɓi gyara.

Littafin jarrabawa na hannuna,
Babin eriya na kai, akwai saura.

Mai kallon allo ƙanwata ce,
Ta amsa tun kafin in ƙara.

Malam, tambaya guda ta rage:
Ina zan kafa eriya, kuma wace ƙira?

Mai Eriya

Tsakiyar rufin mota, ƙanena,
Ƙarfen rufin shi ne rabinta.

Kwatan zango, kusan santimita 50,
Gajeriya, da wuya reshe ya karya ta.

Kar ka ɗaure ta ƙasa a bayan mota,
Jikin motar zai tare gabanta.

Ranar da lambarka ta fito ka gaya min,
Rediyona na kunne, zan jira ta.

73, sallamar masu rediyo ke nan.