Shawarwari a Zaure: Ina Ake Gyaran Baka a Jos?

Baban Halima (Rayfield): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara game da bakan ɗana, irin na gasa ne mai lanƙwasassun kunnuwa, ƙirar Samick, tsawonsa inci 68. Tsirkiyarsa ta soma fitar da gashi a wajen da gindin kibiya ke zama, kuma reshen sama kamar ya ɗan karkace, domin idan aka ɗame shi tsirkiyar ba ta bin tsakiyar reshen. Ko akwai wanda ya san mai gyara na amana a cikin Jos ko Bukuru?

Maharbin Bukuru: Wa alaikumus salam, Baban Halima. Kafin komai, a hana yaron harbi da shi har sai an duba. Akwai wani shagon kayan motsa jiki a gefen hanyar Bukuru wanda a cikinsa wani dattijo ke gyaran baka, kuma shi zan nuna maka, ba don yawan kayansa ba, domin shagon ƙarami ne, sai don yadda yake karɓar aiki. Da na kai masa nawa, bai yi maganar kuɗi ba sai da ya tambaye ni inda nake ajiye shi, da ko an taɓa sakin tsirkiyar babu kibiya, da nauyin jansa. Sannan ya ɗame bakan, ya ɗora shi a bayan kujeru biyu, ya tsuguna yana kallon tsirkiyar daga kunne zuwa kunne da ido ɗaya. Daga nan ya shafa auduga a jikin rassan, ya ce duk inda audugar ta maƙale akwai tsaga a wurin ko da ido bai gan ta ba. Ya auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da mariƙi, ya rubuta a takardar shaidar karɓar kaya tare da ranar da zan dawo. A bakan inci 68, tazarar nan kan tsaya kusa da inci 9, kuma ana daidaita ta ne ta hanyar ƙara wa tsirkiya murɗi ko rage shi.

Malama Mai Horar da Yara: Na yarda da Maharbin Bukuru, sai dai zan ƙara da cewa ba kowace karkatar tsirkiya ce ke nufin reshe ya murɗe ba. A bakan da ake kwancewa gida uku, sau da yawa reshen ne bai zauna daidai a gurbinsa ba, kuma wasu mariƙan suna da kusoshin daidaitawa waɗanda mai gyara zai juya cikin ɗan lokaci. Mai gaskiya zai fara duba wannan kafin ya ce a sayi sababbin rassa. Na taɓa shiga wani shago a wajen Taminus, mai shagon bai ko ciro bakan daga jaka ba ya yanke mini farashin sababbin rassa, da na nemi ya nuna mini inda matsalar take sai ya ce shi ba ya da lokaci. Na ɗauki kayana na fito.

Baban Halima (Rayfield): Allah ya saka da alheri, Malama. To ita tsirkiyar fa, a gyara ta ko a sake wata?

Malama Mai Horar da Yara: Idan zaren da aka naɗa a tsakiyarta ne kawai ya warware, ana sake naɗa shi. Idan kuwa ko sili ɗaya ya tsinke daga cikin silin tsirkiyar, to ta gama aiki. Sabuwar za ta gaza tsawon bakan da kimanin inci 3, kuma lallai a tambayi irin zaren. Dacron yana da ɗan miƙewa, shi ya sa ya fi dacewa da bakan koyo da tsofaffin bakunan itace, amma irin su Fast Flight ba sa miƙewa sosai, suna ƙara wa kibiya gudu, sai dai suna iya fasa kunnen bakan da ba a ƙarfafa shi dominsu ba. A riƙa kuma shafa mata kaki ana murzawa da yatsu har ya nutse, musamman a hunturun Jos, lokacin da iska ke busar da komai.

Alhaji Tsohon Mafarauci: Ku gafarce ni in sa baki, ko da yake ni ɗan gargajiya ne. A zamaninmu maharbi shi ne mai gyaran bakansa: shi ke murɗa tsirkiya da fata, shi ke zaɓen kyauro ya miƙar da shi a kan wuta, maƙeri kuwa ya ƙera masa bakin kibiya. Abin da bai canja ba shi ne ba a barin baka a ɗame idan an gama harbi, ba a kuma jingine shi a jikin bango a kan kunnensa. Ina zargin abin da ya karkatar da na yaron ke nan. Maganar kwari da fatar kare yatsu da ta dantse kuwa, kada ku wahalar da kanku da odar waje, ku je wajen dukawan Naraguta da samfuri, za su ɗinka muku.

Injiniya daga Abuja: Gaskiya ne, Baba Alhaji. Mu a nan Abuja abin da ya fi kashe mana rassa shi ne barin baka a cikin mota da rana, domin zafi yana sassauta gam ɗin da ya haɗa itace da faibar da ke jikin reshe. Ina kuma jan hankalin masu baka mai tayoyi, wato kampawun, wanda Holless Wilbur Allen ya ƙirƙiro a Amurka aka ba shi haƙƙin mallakarsa a 1969. Wannan ba a sauya masa tsirkiya sai da na'urar matse rassa, don haka ku nemi ganin na'urar da idonku kafin ku bar bakanku a kowane shago. Wanda ya ce zai danne shi da gwiwa, ku karɓi abinku, araha ba ta ado.

Maharbin Bukuru: Dattijon da na ambata ba ya da wannan na'urar, kuma da bakinsa yake faɗa, ba ya karɓar mai tayoyi ko an roƙe shi. Inda yake da rauni shi ne jinkiri: idan sai an yi odar rassa daga Legas, ranar da ya rubuta takan wuce, kuma ba ya kiran mutum ya sanar da shi sai ka kira da kanka.

Baban Halima (Rayfield): Na gode ƙwarai. Zan kai masa ranar Asabar in Allah ya yarda. In tafi da kiban ma, ko bakan kaɗai ya isa?

Malama Mai Horar da Yara: Ka tafi da su, har da yaron. Kiban zamani da ake ƙerawa da zaren kabon sukan tsage ta ciki, sai an ɗan tanƙwara kowace a kusa da kunnen mutum ake jin ƙarar tsagar, wadda ta yi ƙara kuwa a jefar da ita. Yaron kuma ya ja bakan a gaban mai gyara, domin idan hannunsa ya ƙara tsawo tun da aka saya masa kiban, wataƙila sun yi masa gajeru.