Ciwon dunduniya da asuba: ku da kuka sha shi, yaya kuka yi?

Telan Maamobi

Salamu alaikum jama'a. Wanda abin ya taɓa samu da kansa nake nema, don shawarar bakin shago na ji ta har na gaji. Ina cikin masu fita sassarfa bayan sallar asuba, mu tashi daga Maamobi, nan cikin Ankara babban birnin Ghana, mu bi titin Kanda mu dawo, ran Asabar kuma mu hau tudun Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase. Tun bayan ƙaramar salla dunduniyata ta dama ta sa ni gaba. In na sauko daga gado zan je alwala, takun farko kamar na taka ƙusa, a can ƙasan dunduniya ta gefen ciki. In na ɗan zaga tsakar gida sai ya lafa. Ina cikin gudu ba na jin sa sosai, amma in na daɗe a kan keken ɗinki na miƙe zan auna wani, sai ya dawo sabo fil. Ba kumburi, ba targaɗe, ban kuma faɗi ba. Man zafi na shafa, gashi da ruwan ɗumi na yi, shiru. In ajiye gudun ne gaba ɗaya, ko in daure?

Hajiya Mai Waakye, Nima

Wa alaikumus salam ɗana, sannu. Wannan ciwon na san shi. Ni ba 'yar gudu ba ce, likita ne ya ce in riƙa fita ina taka ƙafa saboda hawan jini, na shiga cikin matan unguwa da ke zagaya filin Kawukudi. Da dunduniya ta kama, sai na bar fitar, na ce hutu zai warkar. Wata ya zo ya wuce, ba abin da ya ragu. 'Yata ce ta lura, ta ce Mma, wane hutu kike yi? Tun kafin gari ya waye kina tsaye a kan siminti gaban tukunya har azahar, da chale wote, silifan roba, da ya suɗe. Gaskiya ta faɗa. Abin da na daina ɗan kaɗan ne, abin da ke cin ƙafar yana nan yadda yake.

Ta sayo mini takalmi mai kaurin ƙasa da ɗan tudu a dunduniya, na ajiye kujera doguwa ina zubawa a zaune in layi ya ragu. Ko a ɗaki ban ƙara taka tayil ba takalmi. Sannan kafin in sauke ƙafa da asuba, ina zaune a bakin gado, sai in kama yatsun in jawo su sama wajen ƙwauri har in ji tafin ya miƙe, in riƙe in ƙirga goma, in sake, sau goma. Bai tafi da wuri ba, sai da muka kusa zagayowar shekara. Kai ma ka duba me kake sawa a shago.

Ɗalibin Legon

Yaya Tela, tambaya ɗaya kafin in faɗi nawa: da azumi ka ci gaba da gudu, ko ka ajiye? Don ni a nan ya kama ni. Na yi wata guda ban gudu ba, da salla ta wuce na koma kan tsohon nisana a makon farko, har da hawan tudun da ya miƙe zuwa hasumiyar jami'a. Numfashi bai ba ni matsala ba, shi ya sa na ɗauka jiki na nan yadda na bar shi.

Fisiyon da ya duba ni, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar atisaye a asibiti, ya zana mini abin a takarda. Akwai wata shimfiɗar jijiya mai kauri a tafin ƙafa, ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu, ita ke riƙe da lanƙwasar tafin. Duk taku sai ta miƙe ta ɗauki nauyi. In aka ɗora mata fiye da abin da ta saba kwatsam, wurin da ta manne da ƙashi ne ke fara kuka. Da dare ƙafa na kwance a sake, jijiyar ta takure, shi ya sa takun farko ya fi zafi. Ya ce zuciya da huhu suna saurin komawa yadda suke, jijiya kuwa sai a hankali.

Bai ce in zauna ba. Ya ce in rage nisa, in bar tudu da gudun tsere, in kuma ƙarfafa ƙafar. Ga atisayen da ya ba ni, don shi ne ya fi yi mini aiki: ka naɗe tawul ka ɗora a bakin matakala, ka sa yatsunka a kansa yadda za su tanƙwaru sama, dunduniya tana lilo a waje. Ka ɗaga jikinka a hankali cikin daƙiƙa 3, ka tsaya a sama daƙiƙa 2, ka sauko cikin daƙiƙa 3. Sau 12, zagaye 3, yau ka yi gobe ka huta. Da ƙafa biyu na fara saboda ɗaya ta gagare ni, daga baya na koma ɗaya, daga nan na goya jaka da littattafai a ciki. A Denmak aka gwada wannan tsarin wajen 2014, kuma abin da suka gani shi ne masu yin sa sun fi masu miƙa jijiya kawai samun sauƙi a wata 3, amma da aka kai wata 12 duk sun zo ɗaya. Wato yana gaggauta sauƙi, ba tsafi ba ne.

Telan Maamobi

Hajiya na gode, Allah ya ƙara girma. A shago silifa ce, kuma in ina yanka a tebur a tsaye nake yi. Ƙanena, ka gano ni. Ɗinkin salla bai bar ni na fita ko sau ɗaya da azumi ba, kuma ranar da na koma, da wani kambas na koma da na saya a kasuwar gwanjo ta Kantamanto, ya yi kyau ƙwarai.

Mai Takalma, Kantamanto

Maigida, wannan "ya yi kyau ƙwarai" shi ne sana'armu, don haka bari in faɗa maka abin da ba kowa zai faɗa a kasuwa ba. Takalmin gudu ba samansa ke mutuwa ba, soson da ke tsakanin ƙafa da roba ne. Masu yin sa da kansu suna cewa tsakanin kilomita 500 zuwa 800 ya gama aiki. Wanda ya zo cikin dila, wani a Turai ya riga ya cinye wannan nisan, mu kuwa mu wanke shi da buroshi, mu sa sabuwar igiya, ya fito yana ƙyalli.

Ni ma ina gudu, kuma na sha ciwon ƙwauri kafin in koyi zaɓar wa kaina. Ka ajiye shi a kan tebur ka duba ta baya: in ya karkata gefe guda, bar shi. Ka duba gefen soson, in ya yi layi-layi na tamoji, ya mutu. Ka cire shimfiɗar ciki ka danna gurbin dunduniya da babban yatsa, in ya lotsa bai taso ba, ya mutu. Ka lanƙwasa shi: a gindin yatsu ya kamata ya karye, ba a tsakiya ba. Kuma ka zo gwaji da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan buɗe, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka da bakin takalmin. Akwai masu kyau, har waɗanda kusan ba a taka ba, sai dai bayan gobarar da ta cinye kasuwar a Janairun 2025 kaya sun yi tsada, mai kyau ba ya kwana.

Tsohon Gola, Sabon Zango

Ku yara kuna da haƙuri, ni ban yi ba a lokacina. Na je aka ɗauki hoton ƙashi, aka nuna mini wani ɗan tsini a ƙasan dunduniya, aka ce shi ke sukata. Aka yi mini allura a wurin. Wallahi washegari na taka kamar ban taɓa ciwo ba, na koma fili da murnata. Bayan kamar wata ɗaya ciwon ya dawo. Na koma aka ƙara. Ana nan wata rana na yunƙura zan tare ƙwallo, na ji wani abu ya ɓalle a tafin ƙafata, wurin ya kumbura ya yi baƙi. Jijiyar ce ta yage.

Wani likitan ƙashi da na gani daga baya ya ce irin wannan allurar tana kashe zafi na ɗan lokaci, amma in an yawaita tana raunana jijiyar, tana kuma cinye kitsen da ke ƙarƙashin dunduniya, wanda ba ya dawowa. Ya ɗauki hoton ɗaya ƙafar da ba ta taɓa ciwo ba, sai ga tsinin nan a can ma. Ya ce mutane da yawa suna yawo da shi ba su sani ba. Ban ce kada kowa ya yi allura ba, akwai wanda ciwo ke hana shi neman abinci. Amma in an yi maka, kada ka ɗauka ka warke.

Ɗan Teku

Ni dai takalmi na jefar. Duk Lahadi ina bakin tekun Labadi ina gudu a kan yashi ƙafa tsirara, tafin ƙafata ya yi ƙarfi, ban san wani ciwon dunduniya ba. Kakanninmu da suka taho da goro da shanu a ƙasa wane kambas suka sa?

Ɗalibin Legon

Yaya, kai ba ka da ciwon ne. Ni na gwada yashi lokacin da nawa ke ci, washegari da bango na dafa na je alwala. Yashi mai laushi yana barin dunduniya ta nutse, jijiyar da agara su ƙara miƙewa. Ga mai lafiya da ya saba a hankali, wannan horo ne. Ga mai ciwo ƙari ne.

Nas daga Madina ta Ghana

Ina so in sa wani abu a nan, saboda ni ma na ɗauka irin na Yaya Tela ne, ashe ba shi ba ne. Ina shirin gudun rabin marato, mai kilomita 21, na ƙara nisa da sauri. Bambancin nawa shi ne ba ya lafawa in na ɗumama. Kullum ƙaruwa yake ina cikin gudu, har ya kai ina kwance ma yana zugi. In na matse dunduniyar ta gefe da gefe da tafin hannu biyu sai in yi ƙara, tsalle da ƙafa ɗaya kuwa ba ya yiwuwa. Hoton farko bai nuna komai ba, wanda haka yakan faru a makonnin farko. Na biyu ne ya nuna ƙashin ya tsage. Wannan ba a yi masa atisayen tawul, ba a kuma kai shi wurin mai ɗori ya murza. Takalmin asibiti na sa, na bar gudu kusan wata biyu. Mata 'yan uwana, wadda ke gudu sosai tana rage ci har al'adarta ta ɗauke, ƙashinta na cikin haɗari, kada ta yi shiru.

Abu biyu kuma daga wurin aiki. Masu haɗiyar diclofenac kafin su fita don kada su ji ciwo, ciki ba komai, ga zufar Ankara: ƙoda da tumbi kuke wa illa, kuma kun toshe bakin da ke gaya muku ku tsaya. Mai ciwon suga kuma, in yana jin tafin ƙafa na dindiris ko zafi kamar barkono da dare, wannan jijiyar ji ce, asibiti za shi. Ya riƙa duba tafin da tsakanin yatsu kullum, kuma kada ya gasa da ruwan zafi, don yana iya ƙonewa bai ji ba.

Direba, Aboabo

Gaisuwa daga Kumasi. Mu a kewayen filin Baba Yara muke zagayawa. Nawa a bayan dunduniya ne, a agara, ba a ƙasa ba. An ba ni cipro saboda taifot, ban gama sha ba na ji agarar ta yi tsami ta kumbura. Da na koma, likita ya canza maganin nan take, ya ce magungunan wannan dangin suna iya raunana agara har ta tsinke, musamman ga wanda ya haura 60 ko mai shan maganin sitiroyid. Wanda aka ba shi, ya gaya wa likita cewa yana gudu.

Malamin Makarantar Allo, Fadama

Na yi ƙaho a sha-raɓa lokacin da nawa ya matsa. Na ji jiki ya saki kwana biyu, dunduniya kuwa tana nan. Abin da na lura da shi a salla ne: in na yi sujada na kafa yatsu suna fuskantar alƙibla, tafin yana miƙewa daidai yadda Hajiya ta kwatanta. Farkon ciwon wannan kafawar azaba ce, har wasu lokuta na yi salla a zaune, kuma shari'a ta ba mara lafiya wannan sauƙin. Daga baya ita ce ta zama ma'aunina, ranar da na kafa yatsu ban ji komai ba na san an samu ci gaba. Kwalbar ruwa mai ƙanƙara da nake murzawa a ƙarƙashin tafin bayan isha ta taimaka wajen zugi.

Telan Maamobi

Na dawo da bayani. Na matse dunduniyar yadda Anti Nas ta ce, ba zafi ta gefe, kuma na je an duba an ce jijiyar tafin ce. Kambas ɗin na ɗora a teburin yanka, ya karkata har yaron shago ya yi dariya. Yanzu ina fita kwana uku a mako, gudu kaɗan tafiya kaɗan, a kan ƙasa ba kwalta ba, Aburi kuma na ba su haƙuri. Da safe har yanzu yana nan, amma ina isa buta ba ɗingishi. Tambayata, ƙafar hagu da ba ta ciwo, ita ma in yi mata na tawul ɗin?

Ɗalibin Legon

Yi mata, Yaya, ni duka biyun aka sa ni. Kuma kada ka ƙara nisa sai ka ga safiyar da ta biyo bayan gudu ba ta fi ta jiya zafi ba. In ta fi, ka koma nisan makon da ya wuce.