Ina son fara gini a hankali a bayan Arkilla, da me zan fara kuma a ina zan iya tsayawa?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da fili ƙafa 50 da 75 a bayan Arkilla a nan Sakkwato, ina son in tayar da ɗaki uku da falo da kicin. Kuɗin ba a dunƙule suke ba, albashi ne da ɗan adashi, don haka ginin zai ɗauki shekara biyu ko uku. Wasu sun ce in tara siminti tun yanzu kafin ya ƙara tsada, wasu sun ce in fara da katanga. Masana, me ya kamata in fara saya, bulo nawa zan nema, kuma a wane mataki zan iya dakatawa ba tare da damina ta ɓata aikin ba? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Gwiwa:
Wa alaikumus salam Abban Hanifa, Allah ya sa a gama lafiya.

Kafin shebur ya taɓa ƙasa, ka gyara takarda. Takardar ciniki da shaidu da sa hannun mai unguwa ko hakimi tana da amfani, amma dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, don haka ka bi ma'aikatar filaye ka tabbatar wurin ba hanya ba ne, ba filin makaranta ba, ba kuma ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba. In filin gado ne, kowane magaji ya sa hannu. Ka kawo safiyo ya kafa duwatsun iyaka, sannan ka kai zanen gidan hukumar tsara birane ta amince.

Batun tara siminti, kada ka yi. Siminti ba gero ba ne. Bayan wata biyu zuwa uku ƙarfinsa yana raguwa, in ya sha raɓar damina kuwa sai ya dunƙule. Abin da ake tarawa shi ne bulo, tsakuwa da rodi. Siminti a saye shi mako ɗaya ko biyu kafin aiki, a ɗora a kan katako, kada ya jingina da bango, kada tsibin ya wuce buhu 10.

Wuraren tsayawa uku ne kawai: bayan an zuba kankaren daɓe a kan fandisho, bayan an ɗaure linta, wato kankaren da ke bi ta saman ƙofofi da tagogi, ta zagaye gidan, da bayan an yi rufi. Mafi munin wuri shi ne a haƙa ramin fandisho a bar shi ruwa ya cika, ko a tayar da bango zuwa taga babu linta a tafi. Iskar farkon damina tana kayar da irin wannan bango.

Fandisho ne inda ba a rowa, domin duk abin da ka binne ba ka sake ganinsa. Faɗin rami ya ninka kaurin bulo sau uku, wato inci 27 ga bulo mai inci 9. Zurfi ƙafa 3 zuwa 4, amma ƙasa ce ke yanke hukunci: a ci gaba da haƙa har a wuce ƙasar sama mai laushi a taras da mai tauri. In an ci karo da tsohon ramin da aka cike da shara, ko baƙar laka mai tsagewa da rani ta kumbura da damina irin ta gefen fadamar gulbin Rima, a dakata a kira injiniya ya duba, domin fandishon da aka saba ba zai riƙe ba. Wanda ya tuna ambaliyar 2010 ya san abin da gulbin nan ke iya yi.

Kankaren gindin rami kaurin inci 6 zuwa 9, a haɗa buhu ɗaya da baro ɗaya da rabi na yashi da baro uku na tsakuwa. Na ginshiƙi da linta ya fi ƙarfi: buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa. Baro a share shi daidai baki, ba a yi masa tozo ba. A nan leburori ke cin mai gida ba da gangan ba, kowa na son ya rage zirga-zirga sai ya cika baro har yana zuba. Ruwa kuma kada ya yi yawa. Kankaren da ke gudu kamar kunu yana da daɗin zubawa, amma in ya bushe ba shi da ƙarfi.

Bulon cikin fandisho jeri 4 ko 5, mai inci 9, a cika ramukansa da kankare. Ka sa daɓen gidan ya ɗara titi da aƙalla jeri biyu, domin ranar da aka zo yin kwalta da kwalbati titin zai tashi, gidaje da yawa a garin nan sun koma rami ta haka. Cikon ciki da jan marmara, inci 6 a zuba, a jiƙa, a daddaɓe, sannan a ƙara wani. In an juye tifa guda a lokaci ɗaya aka baje, bayan shekara biyu tayil zai fara ƙara kamar ganga ya fashe. A fesa maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba kankare inci 4. Ledar nan ita ke hana danshi hawa bango yana tayar da fenti. Gida mai faɗin murabba'in mita 100 zai ci wajen buhu 45 a wannan daɓe kaɗai. Kar a manta a binne bututun bayan gida da na kicin kafin a zuba.

Ginshiƙi: rodi huɗu masu milimita 12, zobba na milimita 8 ko 10 kowane inci 8. Inda za a haɗa rodi biyu su hau juna ƙafa 2. A bar inci ɗaya tsakanin rodi da katako don kankare ya rufe shi, in ba haka ba tsatsa ta ci shi ta fasa ginshiƙin daga ciki.

Baba Magini:
Injiniya ya gama magana, ni bulo da ruwa zan ƙara, don su ne ciwon wanga gari.

Ɗana, bulon kasuwa ba duka ne bulo ba. Buhu ɗaya in ana son na ƙwarai ya fitar da 25 zuwa 30 na inci 9, ko 35 zuwa 40 na inci 6. Akwai inda anka mai da buhu ɗaya bulo 50, ka ɗauka da hannu kusurwa ta gutsure. Gwaji ba wuya: ka ɗaga shi daidai ƙugu ka saki a ƙasa mai tauri, in ya wargaje ka bar musu kayansu. Ko ka karce shi da ƙusa, in yashi na zubowa kamar gari to ba a ba shi siminti ba, ko ba a ba shi ruwa ba. In kana da mai tsaya maka, ka sayi siminti a buga maka a filinka. Ga masana'antar siminti ta Kalambaina kusa da kai, siminti ba ya yi maka nisa ba. Ka duba lambar da ke jikin buhu, mai 42.5 shi ya fi dacewa da bulo da kankare.

Yashi iri biyu ne, kada mai tifa ya haɗa maka. Mai kaushi na gulbi shi ne na bulo da kankare, mai laushi na filasta. Ka zuba yashi a gorar ruwa, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka aje ta kwana. Laka za ta kwanta a sama. In yashin ya kai santimita 10 lakar ta kusa santimita ɗaya, kada ka karɓa, siminti ba ya kama laka.

Ruwa kuwa, siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, sha yake yi. Bulo da kankare da filasta duk a ba su ruwa safe da yamma kwana 7 aƙalla, kankare kuma sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. A zafin Maris zuwa Mayu, da rana ke wuce digiri 40, kankaren da anka zuba da azahar kafin la'asar ya tsattsage. A zuba da sassafe ko bayan la'asar, a jiƙa katakon tukuna, a rufe da buhunan algarara jiƙaƙƙu. Hunturu ma maƙetaci ne, mutum na jin sanyi ya ɗauka ba komai, alhali iskar na tsotse ruwan filasta. Saboda haka tun kafin bulo ka gina ƙaramin tafki na ruwa ko ka aje tanki, ka sa kuɗin 'yan garuwa cikin lissafi. Mafi daɗin lokacin gini daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, ƙasa na da danshi, rana ta yi sauƙi.

Lissafin bulo: kowane murabba'in mita na bango bulo 10 ne. Ɗaki ƙafa 12 da 12 in shi kaɗai yake tsaye zai ci kusan 400 daga daɓe zuwa sama, amma ɗakuna na raba bango, don haka ka auna tsawon bangon duka a kan zane, ka cire ƙofofi da tagogi, ka ƙara 5 cikin 100 na fashewa. Jeri 9 ne zuwa linta. Bayan linta ka sa jeri 3, in da hali 4, ɗaki mai tsawo ya fi sanyi. A jiƙa bulo kafin a ɗora, kuma kada gaɓar sama ta hau kan gaɓar ƙasa. Katakon ƙarƙashin linta a bar shi mako biyu, komai gaggawar kafinta.

Kuɗin aiki a yi shi mataki-mataki ko a kan ƙidayar bulo, a rubuta. Ba a biyan magini kuɗin linta yana fandisho.

Maman Sadiq:
Malam Abban Hanifa, a duba zaman gidan tun a takarda. Tagogi su fi yawa a kudu da arewa, kowane ɗaki taga biyu a bango daban don iska ta ratsa. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar ya riƙe zafi har tsakar dare, a sa sito ko banɗaki a wannan gefen, ba ɗakin kwana ba. A bar tsakar gida ko da ƙafa 15 ce, don shanya da girkin biki da kwanan waje lokacin bazara. Masai kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, gyaran wannan bayan an binne bututu fasa daɓe ne. Sokawe kuma, wato ramin da ruwan masai ke tsiyayewa a ciki, ya yi nesa da rijiya ko bohol aƙalla ƙafa 50, har da na maƙwabci, a leƙa a tambaya.

Rufi a gama shi kafin Mayu ta ƙare. Hadarin farko daga gabas yake tasowa da iska, kuma kwanon da ke tashi yawanci ba laifin ƙusa ba ne, katakon ne gaba ɗaya ba a ɗaure shi da gini ba. A binne rodi mai milimita 6 ko langa-langa a cikin kankaren saman bango, a naɗe katakon da shi kowane ƙafa 4. Katako ya sha maganin gara kafin a hau da shi, ba bayan an buga ba. Masu son rufin ɓoye, wato kwanon da bango ke kewaye shi ba a ganinsa daga waje, su sani kwatar cikinsa ce ke yoyo: ƙurar hunturu da leda su toshe indararo, ruwa ya taru ya bi silin. In za a yi, kwatar ta yi faɗi, ta yi gangare, a share ta kowace shekara kafin ruwan farko.

Abban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura batun katanga, Baba. In fara da ita ko in bari?

Baba Magini:
Zagayen filinka ƙafa 250 ne, wajen mita 76. Katanga mai jeri 10 da na cikin ƙasa za ta ci bulo sama da 2,000, ban da ginshiƙai da ƙofa, kuɗin da zai kai ka nesa a fandisho. In ba rigimar iyaka, ka yi jeri 3 kawai a zagaye don a san wurin da mai shi, ka tayar da ɗaki ɗaya a bakin ƙofa ka rufa shi ka sa ƙyaure mai ƙarfi. Nan za ka aje siminti da rodi, mai gadi ya kwana, daga baya ya zama zaure. Ranar da za ka ƙarasa katangar, ginshiƙi kowane ƙafa 10, kuma a bar ƙananan ramuka a jerin ƙasa ta gefen gangare don ruwan tsakar gida ya sami hanyar fita.